Dashen na'urar ji ga mai kurumtar kunne ɗaya: me yake gyarawa, me ba ya gyarawa?

Har zuwa 'yan shekarun nan, idan mutum ya je asibiti ya ce kunnensa ɗaya ya mutu amma ɗayan garau yake, amsar da ya fi samu ita ce ya gode wa Allah, ɗayan ya ishe shi. Dashen na'urar ji a can cikin kunne, wanda likitoci ke kira dashen kokiliya, an keɓe shi ne ga waɗanda kunnuwansu biyu suka kurumce. Wannan ƙa'ida ta soma sauyawa. A watan Yulin 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a dasa wa masu kurumtar kunne ɗaya na'urar kamfanin MED-EL, daga ɗan shekara 5 zuwa sama, a Janairun 2022 kuma ta ba kamfanin Cochlear irin wannan izini. Wasu asibitocin Turai sun riga Amurka farawa da shekaru.

Labarin ya iso Garwa da Marwa na arewacin Kamaru da Injamena ta Cadi ta waya, galibi a bidiyon ranar da ake kunna na'urar, mai ita yana hawaye. Daga nan ruɗani ya shigo. Wasu sun ɗauka an samu tiyatar da ke maido da kunne yadda Allah ya halicce shi, wasu kuma na ganin asarar kuɗi ce a yanka kan mutumin da yake ji da kunne ɗaya. Binciken da aka yi bai goyi bayan ko ɗaya daga cikin maganganun biyu ba.

Me ake nufi da kurumtar kunne ɗaya?

Ana auna ji da desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti, a gwajin da ake sa wa mutum abin saurare a kunne ana kunna masa sautuka, sakamakon ya fito a takardar da ake kira odiyogram. Yawan lambar, yawan raunin jin. A rarrabuwar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021, raunin ji na ɓangare ɗaya shi ne kunne mai kyau ya kasance ƙasa da desibel 20, maras kyau kuma 35 ko fiye. Amma wanda ake maganar yi wa dashe ya wuce nan nesa: kunnen da ya lalace ya kai desibel 80 zuwa 90 ko sama, inda ko an yi masa ihu a gefen ba ya rarrabe kalma, ɗayan kuma bai wuce 30 ba.

Dole a raba wannan da toshewar kunne. Dauɗar kunne, hujewar dodon kunne, ko kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya, duk suna rage ji, amma matsalarsu a hanyar shigar sauti take, kuma maganinsu daban ne, mai sauƙi ƙwarai idan aka kwatanta. Dashe na wanda lalacewarsa take cikin kokiliya ne, wani ɗan ƙashi mai naɗi kamar katantanwa, wanda a cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kusan 15,000 da ke mayar da sauti saƙon lantarki zuwa jijiyar ji. Idan suka mutu ba sa sake tsirowa.

Abin da kunne na biyu yake yi

Ƙwaƙwalwa tana gane inda sauti ya fito ne ta hanyar kwatanta kunnuwa biyu. Ƙarar da ta taso daga dama tana riga isa kunnen dama da ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma ta fi ƙarfi a can, domin kai da kansa yana tare sauti kamar yadda bango ke tare rana. Wannan inuwar kai tana rage ƙarfin magana da kimanin desibel 6, a siraran sautuka irin su "s" da "sh" da "ts" kuma ragin yana iya kaiwa 15 zuwa 20. Mai kunne ɗaya ba shi da abin kwatantawa, saboda haka kowane sauti kamar daga gefen kunnensa mai kyau yake zuwa.

A ɗaki shiru, mutum biyu suna fuskantar juna, ba za a gane yana da matsala ba. Shi ya sa iyalansa ma kan yi shakkar ciwon. A babbar kasuwar Marwa, ko wurin ɗaurin aure, ko majalisar da mutum biyar ke magana lokaci guda, nan abin ke fitowa: yana jin hayaniyar, maganar ce ba ta fita. Mai babur ɗin haya, wanda ake kira kilando, zai ji oda amma bai san ta wace kusurwa motar take tahowa ba. Wanda aka yi wa sallama ta gefen mataccen kunnen bai amsa ba sai a ce girman kai ne, ko ya yi kunnen uwar shegu. Yaro kuma a ce kunnen ƙashi gare shi. Binciken Bess da Tharpe a Amurka a shekarun 1980 ya gano kusan kashi 35 cikin 100 na yara masu raunin ji a kunne ɗaya sun maimaita aji aƙalla sau ɗaya, kuma azuzuwan can ba su kai namu cunkoso ba.

Sai gajiya, domin mai kunne ɗaya yana wuni yana cike gurbin kalmomin da suka kuɓuce masa. Sai kuma ƙugin kunne, wato ƙara ko shuuu da ba ta tsayawa a kunnen da ya mutu, wadda wasu ke cewa ta fi kurumtar kanta damunsu, musamman da dare.

Daga ina ciwon ke zuwa?

A manya, sananniyar hanya ita ce kurumtar farat ɗaya: mutum ya kwanta lafiya ya tashi kunne ɗaya a toshe, sau da yawa da ƙugi ko jiri. A likitance ana kiranta haka idan ji ya faɗi da desibel 30 ko fiye cikin kwana uku. Akwai kuma fashewar ƙashin gefen kai a haɗarin babur, da ƙarin da ke fitowa a kan jijiyar ji, da cutar Meniyer mai zuwa da hajijiya. A yara, hangum tsohon sanadi ne da aka sani yana kashe kunne ɗaya, sai ƙwayar cutar sitomegalo da jariri ke ɗauka tun yana ciki, sai waɗanda aka haifa jijiyar jinsu siririya ce ko babu ita sam.

Arewacin Kamaru da Cadi suna cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa a lokacin rani. Rigakafin MenAfriVac da aka soma a ƙasashen biyu a 2011 ya karya lagon nau'in A na cutar, amma sauran nau'o'in suna nan. Sanƙarau yana da wata illa ta musamman: bayan ciwon, cikin kokiliya yana iya soma cikewa da ƙashi a 'yan makonni ko watanni, har wayar dashen ta rasa hanyar shiga. Don haka duk wanda ya tashi daga sanƙarau, yaro ko babba, ya kamata a auna jinsa kafin a sallame shi ko cikin makonnin farko, ba sai an ga alama ba.

Kurumtar farat ɗaya ita ma gaggawa ce, kuma a nan ne aka fi yin asara. Maganin da ake bayarwa, ƙwayoyin kotizon irin su firednisolon na kwana 7 zuwa 14, ya fi amfani idan aka soma cikin mako biyu na farko. Idan bai yi ba, likita kan yi allurarsa ta cikin dodon kunne. Mai ciwon sukari ko hawan jini ba ya shan wannan magani sai da sa idon likita. Abin da ya fi faruwa shi ne a ɗauka dauɗa ce, a ɗiga mai ko ruwan magani, a jira wata guda. Akwai gwaji mai sauƙi da za a iya yi a gida kafin a kai ga asibiti: mutum ya rufe baki ya yi gunji "mmm". Idan ya fi jin muryarsa a kunnen da ya toshe, galibi toshewar hanya ce. Idan a kunne mai kyau ya fi jin ta, ana zargin cikin kunnen ne ya taɓu, sai a nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda takardun asibitocinmu ke rubutawa ORL, a ranar ko washegari.

Yadda na'urar take, da yadda ake dasa ta

Kashi biyu ce. Na waje yana da makirfo, da ɗan injin sarrafa sauti, da batir, da wani faifai mai maganaɗisu da ke mannewa a fatar kai bayan kunne. Na ciki ana binne shi ƙarƙashin fata, daga jikinsa wata siririyar waya ta shiga cikin kokiliya. A kan wayar akwai wuraren fitar da lantarki: 12 a na'urar MED-EL, 16 a ta Advanced Bionics, 22 a ta Cochlear. Su ne ke taɓa jijiyar ji kai tsaye, a tsallake matattun ƙwayoyin. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna iyakar abin: wurare 12 zuwa 22 ne ke ƙoƙarin yin aikin dubban ƙwayoyi.

Kafin tiyata ana yin odiyogram da gwajin fahimtar kalmomi, sannan hoton sikana don ganin ƙashi, da hoton maganaɗisu da ake kira IRM ko MRI don tabbatar da cewa jijiyar ji tana nan kuma babu ƙari. Idan babu jijiya, dashe ba shi da inda zai kai saƙo. Ana kuma yin rigakafin ƙwayar nimokok mai jawo ciwon huhu da sanƙarau, aƙalla mako biyu kafin aiki, saboda masu dashe sun fi sauran mutane haɗarin kamuwa da sanƙarau. Izinin da aka bayar a Amurka ya taƙaita ga waɗanda kurumtarsu ba ta wuce shekara 10 ba, domin jijiya da ƙwaƙwalwar da suka daɗe ba su karɓi sauti ba sukan yi wuyar farfaɗowa.

Aikin kan ɗauki awa biyu zuwa uku, mutum yana cikin barcin allura. Ana kunna na'urar bayan mako biyu zuwa huɗu, idan rauni ya warke. Daga nan sai zaman saiti, inda masanin ji ke daidaita ƙarfin lantarkin kowane wuri a kwamfuta: sau da yawa a watannin farko, daga baya sau ɗaya ko biyu a shekara har ƙarshen rayuwa.

Abubuwan da kan iya ɓaci sanannu ne. Jiri na 'yan kwanaki ko makonni. Sauyin ɗanɗano a gefen harshe, saboda jijiyar ɗanɗano ta ratsa inda ake aikin. Raunin jijiyar fuska mai karkatar da baki, wanda bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba a hannun ƙwararru. Ruɓewar rauni, ko lalacewar na'urar ciki da ke sa a sake tiyata. Ɗan ragowar jin da ke kunnen ma yana iya tafiya gaba ɗaya.

Abin da bincike ya nuna

Abin mamaki, ba don ji aka fara wannan dashe ba. A 2008 Farfesa Paul Van de Heyning da abokan aikinsa a Antuwap ta Beljiyam suka wallafa sakamakon dashen da suka yi wa masu kurumtar kunne ɗaya da ƙugin kunne ya hana sakat. Ƙugin ya ragu sosai a mafi yawansu, sai kuma aka lura jinsu ma ya ƙaru. A 2011 ƙungiyar Susan Arndt a Firaibog ta Jamus ta kwatanta dashen da sauran na'urori, ta ga ya fi su wajen gane inda sauti yake. Daga baya a Utrek ta Holan aka raba manya 120 ta hanyar ƙuri'a tsakanin dashe da sauran na'urori biyu da za a bayyana a gaba, sakamakon farko kuma ya sake fifita dashe a kan ji cikin hayaniya da gane kusurwa da rage ƙugi.

Idan aka tattara, ribar da ta fi tabbata uku ce, kuma ba girmansu ɗaya ba. Rage ƙugi ya fi fitowa fili, ko da yake a wasu yakan dawo idan an cire na'urar da dare, a 'yan kaɗan kuma yakan ƙaru. Gane kusurwa yana gyaruwa ƙwarai, mutum ya bambance dama da hagu, amma ba ya kai daidaiton mai kunnuwa biyu lafiyayyu, domin na'urar tana isar da bambancin ƙarfin sauti, ba ta iya isar da ɗan bambancin lokacin nan da kyau. Ji cikin hayaniya kuwa ya danganta da inda kowa yake zaune: ribar ta fi yawa idan mai magana yana gefen dashen, hayaniyar kuma tana gefen kunne mai kyau. Idan duka a gaba suke, bambancin kaɗan ne.

Sautin da ke shigowa ta dashen ba irin na kunne ba ne. A farko masu shi kan kwatanta shi da rediyon da bai kama tasha ba, ko siririyar muryar inji. Mai kurumtar kunnuwa biyu ba shi da abin gwadawa, shi kuwa mai kunne ɗaya kullum yana da lafiyayyen kunne da ke nuna masa gibin. Wannan ne ke sa wasu su ajiye na'urar a akwati bayan 'yan watanni. Maganinsa atisaye ne: a haɗa waya kai tsaye da na'urar yadda kunne mai kyau ba zai ji ba, a saurari labarai ko karatun da aka riga aka haddace, kullum, tsawon watanni, kuma a sa na'urar duk lokacin da ake farke.

Ga mai jin Hausa akwai ƙarin abu. Dashe ba ya isar da hawa da saukar murya da kyau, an kuma ga haka a binciken da aka yi kan masu jin Sinanci. Hausa kuwa da karin sauti take raba wuya na jiki da wuya ta wahala, ko kuka na hawaye da kuka ta miya. Kunne mai kyau zai ci gaba da ɗaukar wannan nauyi, saboda haka a hira ta yau da kullum ba matsala ba ce, amma kada a yi tsammanin kunnen dashen shi kaɗai zai riƙa rarrabe su. Gwaje-gwajen fahimtar kalmomi ma galibi da Faransanci ko Turanci ake yin su, wanda ke iya rage makin mai Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Cadi ba don kunnensa ba. Yana da kyau a gaya wa mai gwajin harshen da mutum ya fi ƙwarewa a kai.

Batun jin daɗin rayuwa ana auna shi da takardun tambayoyi. Waɗanda aka tsara musamman kan ji, irin masu tambayar ko kana bin hira a taro, ko kana gane inda kare ke haushi, suna nuna ci gaba a fili. Waɗanda ke auna lafiya gaba ɗaya, tafiya da ciwo da kula da kai, ɗan motsi kaɗan suke nunawa. Daga wannan bambanci ne gardamar masana kan amfanin dashen ta samo asali.

Sauran hanyoyi, da inda masana suka rabu

Akwai na'urar tsallaka sauti da ake kira kuros, wadda aka ƙirƙiro tun 1965: makirfo a mataccen kunne yana aika sauti zuwa lafiyayyen. Ba tiyata, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Akwai na'urar ƙashi, wadda ke girgiza ƙashin kai sautin ya ratsa zuwa ɗaya kunnen. Dukansu suna kawar da inuwar kai, mutum ya ji wanda ke gefensa. Amma duk sautin kunne ɗaya yake ƙarewa, don haka ba sa maido da gane kusurwa, ba sa kashe ƙugi, kuma idan hayaniyar ce ke gefen mataccen kunnen sai su kwaso ta su zuba a mai kyau. Hanya ta huɗu ita ce a bar shi haka, a koyi zaɓen wurin zama. Mutane da yawa ita suke zaɓa bayan sun gwada sauran.

Masu goyon bayan dashe suna cewa shi kaɗai ne ke tayar da kunnen da ya mutu, sauran kewaye shi suke yi. Suna ƙarawa da cewa a yaran da ƙwayar sitomegalo ta taɓa, kunne mai kyau ma yana iya lalacewa daga baya, dashen ya zama tanadi. Masu taka-tsantsan kuma suna nuna cewa yawancin binciken mutane kaɗan ya ƙunsa, ba a iya ɓoye wa mutum cewa an yi masa tiyata, kuma wanda ya sha wahala ya kashe kuɗi yakan so ya ce ya ji daɗi. Ƙa'idar da hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta fitar a 2019 kan dashe ta ginu ne a kan kurumtar kunnuwa biyu. Masana lafiyar al'umma suna da tasu tambayar: inda kuɗi ya yi kaɗan, yaron da bai ji da kunne ko ɗaya, wanda ba zai koyi magana ba idan ba a yi masa ba, shi ne a gaba.

A kan yaran da aka haifa da ciwon ma akwai saɓani. Izinin Amurka daga shekara 5 ya fara, alhali likitoci da yawa na ganin sakamako ya fi kyau idan an yi tun kafin nan, kafin ƙwaƙwalwa ta gama karkata ga kunne ɗaya.

Abin da wannan ke nufi ga mai zama Garwa ko Injamena

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce kashi 78 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da likitan kunne ko ɗaya ga kowane mutum miliyan ɗaya, kashi 93 kuma ba su da masanin ji ɗaya ga miliyan. Kuɗin na'ura da tiyata kan kai miliyoyin sefa masu yawa, amma tiyatar rana ɗaya ce, saiti da gyara kuwa na shekaru ne. Wanda zai tashi daga Marwa ya kai Ngawundare a mota, ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ko ya tafi ƙasar waje, sai ya lissafa wannan tafiya sau da yawa a shekarar farko kaɗai. Kafin a amince da aiki, ya kamata a samu amsa a rubuce: wa zai yi saiti kuma a ina, ina ake samun igiya da faifai idan sun lalace, shekara nawa ne garantin na ciki da na waje, nawa ne sabon injin waje idan tsohon ya gaji bayan wasu shekaru, kuma wane irin hoton IRM ake iya ɗauka da wannan samfurin.

Yanayin ma yana da nasa haraji. Batir ɗin yarwa mai lamba 675 kwana biyu zuwa uku yake yi, mai caji kuma da wuya ya wuce wuni, ga wutar da ba ta tsayawa, don haka ana buƙatar batir biyu ko uku da hanyar caji ta hasken rana. Zafin Maris da Afrilu a Garwa yana haura digiri 40, gumi kuma yana cin ƙarfen na'urar, sai an riƙa kwanar da ita a akwatin busarwa. Ƙurar hunturu tana toshe makirfo, a riƙa sauya murfinsa. Ana cire na'urar waje lokacin alwala da wanka, sai dai in tana da rigar ruwa. Hula matsattsa ko ɗaurin ɗankwali na iya ture faifan ko goga makirfo, maganaɗisu mai ƙarfi da yawa kuma yana jan fata ta yi ja har ta yi gyambo, don haka a riƙa duba wurin. Mai hawa babur ba shi da zaɓi sai hular kwano, domin bugu a daidai wurin yana iya fasa na'urar ciki.

Ga wanda dashe bai kai gare shi ba, akwai abin yi da ba ya cin kuɗi. Ɗalibi ya zauna a layin gaba, kunnensa mai kyau yana fuskantar malam, ba taga ba. A majalisa mutum ya sa mataccen kunnen ta bango. A guji alluran jentamisin da sitreftomisin sai likita ya ga dole, a kuma sanar da shi cewa kunne ɗaya ne ya rage. A toshe kunne kusa da injin niƙa da janareta da lasifikar biki, sannan a auna lafiyayyen kunnen sau ɗaya a shekara.